Taƙaitaccen Tarihin Imamu Sanusi, Mai Ummul Barahin

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ka sani ya kai ɗan'uwa, na ga almajirai a nan Zangon Kwatano suna haddace siffofi ashirin, ba su san wanda ya tsara musu su ba. Shi ne Shehu Muhammadu ɗan Yusufu Sanusi, Allah Ya yarda da shi. An haife shi a Tilimsan, cikin ƙasar Aljeriya ta yau, bayan shekara ta 830 ta Hijira. Ya yi karatun hisabi da rabon gado wurin Ƙalasadi, ya karɓi hadisi wurin Sa'alabi, ya sha tarbiyya hannun Shehu Ibrahimu Tazi a Wahran. Ya wallafa Kubra da Wusɗa da Sugra, ita ce Ummul Barahin. Ya rasu a garinsu cikin Jimada Lahir, shekara ta 895, daidai da 1490.

Ga hanyarsa. Ya raba hukuncin hankali uku: wajibi, da mustahili, da ja'izi. Sa'an nan ya ce a dubi duniya. Kowane jiki ba ya rabuwa da motsi ko tsayawa, su kuwa suna zuwa suna gushewa, ashe fararru ne. Abin da ba ya rabuwa da fararre, shi ma fararre ne. To, fararren abu, samuwarsa da rashinsa daidai suke a wurin hankali, kamar tafuka biyu na ma'auni. Ka taɓa ganin ɗaya ya rinjaya ba a ɗora masa kome ba? Saboda haka ba makawa akwai Wanda Ya rinjayar da samuwa. Shi kuwa ba Shi da farko, domin da Yana da farko da Ya bukaci mai farar da Shi, sai abin ya yi ta jeruwa ba iyaka ko ya kewayo, duka biyun kuwa mustahili ne.

Littafin ya ratsa Sahara. Muhammadu Wali ɗan Sulaimanu, na ƙasar Bagarmi, ya yi masa sharhi mai suna Manhajul Farid. Daga baya waɗansu ɗalibai suka wuce gona da iri, suna kafirta talakan da bai iya jero dalilai ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, ya yi musu raddi, ya tabbatar da musuluncin gama-garin mutane.

Ni dai nasihata gare ka: koyi dalili domin ka tsare zuciyarka daga shakka, kada ka mayar da shi wuƙar yanka imanin tsohuwarka. Allah Ya amfane mu da albarkar Imamu Sanusi, Ya sa mu cika da kalmar shahada. Amin.