Tarihin Oliver Cowdery na majami'ar Mormon

An haifi Oliver Cowdery ne a ranar 3 ga watan Oktoban 1806 a jihar Vermont ta ƙasar Amurka.

Yana malamin makaranta ya haɗu da Joseph Smith a shekarar 1829, kuma shi ne ya rubuta akasarin Littafin Mormon da hannunsa, Smith na yi masa shifta. Da aka kafa majami'ar a 1830, shi ne na biyu a daraja bayan Smith.

Dangantakarsu ta yi tsami ne bayan da bankin da shugabannin majami'ar suka kafa a garin Kirtland ya durƙushe a 1837. Cowdery ya sayar da filinsa na gundumar Jackson a jihar Missouri, yankin da mabiya ke ɗauka ƙasa ce mai tsarki, ya kuma dage cewa majami'a ba ta da hurumin tsoma baki a dukiyarsa.

A watan Afrilun 1838 aka kore shi bayan an gabatar da zarge-zarge a kansa da suka haɗa da sayar da filin da kuma buga jabun kuɗi. Watanni biyu bayan haka barazana ta tilasta masa tserewa daga garin Far West, ya bar kadarorinsa a hannun mutanen da ya yi wa hidima.

Ya yi aikin lauya a jihar Ohio, yana fafutukar ganin an wanke sunansa, amma bai janye shaidarsa kan littafin ba.

Ya koma majami'ar a 1848, ya kuma mutu ranar 3 ga watan Maris na 1850, yana da shekaru 43.