Malam Muhammadu Bakatsine, Gwanin Lissafi

Sa'ad da nake makarantar mishan, na zaci Turawa ne suka kawo mana lissafi. Ashe ba haka ba ne.

Malam Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafillacen Katsina, ya yi karatu a ƙasarmu, ya tafi haji, kana ya zauna a Alƙahira. Wajen 1732 ya rubuta littafi da Larabci a kan hatimi, wato gidajen lambobi waɗanda kowane layinsu, tsaye ko kwance ko karkace, jimlarsa ɗaya ce. Na zana wa yara mai gida 81 a Orozo, kowane layi 369 cif. Sau uku ina ɓatawa kafin ya fito!

Ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Shehu Hasan al-Jabarti.