Louis Sullivan: Maginin da manyan birane suka yasar, bankunan ƙananan garuruwa suka riƙe sunansa

A tsakiyar garin Owatonna da ke Jihar Minnesota ta ƙasar Amurka, daura da dandalin gari, akwai wani ginin banki na jan bulo mai siffar akwati, wanda aka buɗe a shekarar 1908. A wancan zamani Owatonna gari ne na manoma da masu kiwon shanun madara, kuma mutanensa ba su kai dubu shida ba. Duk da haka, har gobe ɗaliban zanen gine-gine da masu yawon buɗe ido suna yin takakkiya zuwa can domin su gan shi. Wanda ya zana ginin shi ne Louis Henry Sullivan, mutumin da tarihi ke lissafawa cikin iyayen dogayen benaye na zamani. Bai karɓi aikin wannan banki ba sai bayan da attajiran manyan birane suka daina sallama a ofishinsa.

Haihuwa da neman ilimi

An haifi Sullivan a birnin Boston ranar 3 ga Satumba, 1856. Mahaifinsa, Patrick Sullivan, baƙo ne daga ƙasar Ailan mai koyar da rawa, mahaifiyarsa Andrienne List kuwa daga Suwizalan iyayenta suka zo da ita. Ya yi yawancin ƙuruciyarsa a gonar kakanninsa na wajen uwa a South Reading, kusa da Boston, inda ya shaƙu da itatuwa da furanni. Ganyaye da rassan da ya saba gani yana yaro su ne suka zama tushen adon da ya riƙa yi wa gine-ginensa har ƙarshen rayuwarsa.

Yana ɗan shekara 16 ya shiga Cibiyar Fasaha ta Massachusetts, amma shekara ɗaya kawai ya yi ya bar ta. Ya kama aiki a Philadelphia a ƙarƙashin mai zanen gine-gine Frank Furness, sai karayar tattalin arziki ta 1873 ta sa aka sallame shi. Daga nan ya nufi Shikago, birnin da ake sake ginawa bayan babbar gobarar 1871, ya yi aiki da William Le Baron Jenney. A 1874 ya tafi Faransa ya shiga shahararriyar makarantar zane ta Paris, nan ma bai daɗe ba ya komo Shikago.

Shekarun ɗaukaka

Tauraruwarsa ta fara haskawa ne da ya haɗu da Dankmar Adler, injiniya haifaffen Jamus wanda ya ƙware wajen ɗora harsashi da tsara ɗakunan taro yadda murya za ta kai ko'ina. A 1883 suka zama cikakkun abokan kamfani ɗaya. Adler ya riƙe lissafi da mu'amala da masu ba da aiki, Sullivan ya riƙe siffa da ado. A 1889 aka buɗe babban aikinsu, ginin Auditorium na Shikago, wanda ya haɗa otal da ofisoshi da zauren wasanni mai ɗaukar mutum fiye da 4,000.

A wancan lokaci ne sana'ar gini ta sauya. A da bango ke ɗaukar nauyin bene, don haka duk sa'ad da gini ya ƙara tsawo sai gindin bangonsa ya ƙara kauri. Da aka soma kafa ƙashin gini da ƙarfe, ga kuma na'urar hawa bene ta samu, sai tsawo ya daina zama matsala. Abin da ya rage shi ne irin fuskar da ta dace da dogon bene. Yawancin masu zane sai suka riƙa aro adon tsofaffin fadojin Turai suna jibgawa hawa bisa hawa. Sullivan ya ƙi wannan hanya. A ra'ayinsa, aikin da za a yi a cikin gini shi ya kamata ya haifar da kamanninsa, kuma dogon gini ya nuna tsawonsa ba tare da kunya ba. Ya gwada wannan a ginin Wainwright mai hawa goma a birnin St. Louis, wanda aka kammala a 1891, da kuma ginin Guaranty a Buffalo. Cikin matasan da suka goge a ofishinsa har da Frank Lloyd Wright, wanda daga baya ya zarce kowa suna a wannan fage a Amurka.

Yadda duniya ta juya masa baya

Shekarar 1893 ta zo masa da masifa biyu. Ta farko ita ce babban bikin baje koli na duniya da aka yi a Shikago, inda aka jera fararen gine-gine masu ginshiƙai irin na tsohuwar Girka da Rum. Sullivan ya gina zauren sufuri mai launuka da ƙofar zinariya, ya fita daban, amma zukatan jama'a fararen ginshiƙan suka bi. Daga nan attajirai da gwamnatoci suka koma neman irin wancan salo. Ta biyu ita ce sabuwar karayar tattalin arziki da ta tsayar da gine-gine. A 1895 Adler ya bar kamfanin, kuma ya rasu a 1900 ba tare da sun sake haɗa kamfani ba.

Rabuwa da Adler ta tona asirin rauninsa. Sullivan mutum ne mai kaifin harshe, ba ya iya lallashin mai kuɗi, kuma bai bar abokan sana'arsa sun huta da suka ba. Shan giya ya ƙara dagula masa al'amura. Babban aikinsa na ƙarshe a birni shi ne kantin Schlesinger da Mayer a Shikago, wanda aka kammala a 1904. A 1909 sai da ya yi gwanjon littattafansa da kayan gidansa domin biyan bashi, kuma a shekarar ce matarsa ta rabu da shi.

Wasiƙa daga garin manoma

A 1906 wani matashin ma'aikacin banki a Owatonna, Carl Bennett, ya karanta wata maƙalar Sullivan a mujallar The Craftsman. Bennett ya yi karatu a Jami'ar Harvard, mai son kiɗa ne ƙwarai, kuma shi ne mataimakin shugaban bankin iyalinsu, National Farmers' Bank. Yana neman wanda zai gina musu sabon mazauni da ba zai yi kama da wurin bautar Girkawa ba, sai ya nemi Sullivan.

Akwai dalilin da ya sa ƙaramin gari ke iya ɗaukar nauyin irin wannan aiki. Dokokin Amurka na wancan zamani sun takura wa bankuna buɗe rassa, don haka kusan kowane gari yana da bankinsa na kansa, mallakar mutanen garin. Farkon ƙarni na 20 kuma zamanin albarka ne ga manoman tsakiyar ƙasar. Sai dai manomi bai cika yarda da mai banki ba, domin ya sha ganin banki ya rufe da ajiyar mutane, kamar yadda ta sake faruwa a rikicin kuɗi na 1907. Ginin banki na da aiki biyu kenan: ya nuna ƙarfi yadda mai ajiya zai kwana da kwanciyar hankali, kuma ya nuna maraba yadda wanda ya fito daga gona ba zai ji shakkar shiga ba.

Sullivan ya haɗa biyun a gini ɗaya. Daga waje, ginin dunƙulallen akwati ne na bulo a kan gindin jan dutse, kamar taskar da ba ta fasuwa. An zagaye fuskarsa da zanen ganyaye na koren gasasshen yumɓu. A ɓangarori biyu da ke kallon titi ya buɗe manyan tagogi masu siffar baka, aka cike su da gilashi mai launi na Louis Millet, yadda hasken rana ke cika zauren. A ciki aka rataye manyan fitilun ƙarfe huɗu, kowace ta haura tan biyu, aka kuma yi wa bango fenti da launuka fiye da 200. Mai zane Oskar Gross ya zana shanu a makiyaya da aikin gona a jikin bango. An ware ɗaki inda manoma za su zauna su yi cinikinsu, da wani na mata. Yawancin zanen adon ya fito ne daga hannun babban mataimakinsa George Grant Elmslie, wanda ya bar ofishin a 1909 da aiki ya yi ƙaranci.

Sauran bankuna bakwai

Labarin Owatonna ya bazu a mujallun masu banki, sai ayyuka suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya. Ya gina banki a Cedar Rapids ta Jihar Iowa, da ofishin filaye da lamuni a Algona a 1913. A 1914 ya zana uku: na Grinnell a Iowa, da na West Lafayette a Indiana, da na Newark a Ohio. Sai na Sidney a Ohio da aka buɗe a 1918, da na Columbus a Jihar Wisconsin da ya biyo baya. Gine-gine takwas kenan, waɗanda aka fi sani da laƙabin akwatunan lu'ulu'u.

Kowanne da alamarsa. A Grinnell ya ɗora zagayayyiyar taga a saman ƙofa, ya kewaye ta da da'irori da murabba'ai na yumɓu masu shiga juna, kamar makullin babbar taska, ga zakoki masu fukafukai suna gadin mashiga. A Sidney ya rubuta kalma ɗaya tak mai ma'anar tattali a kan shuɗin fage a goshin ginin, ya kuma tsara zauren yadda duk wanda ya shigo zai hangi ƙatuwar ƙofar ɗakin ajiyar kuɗi a gabansa. A Columbus, matar shugaban bankin, J. Russell Wheeler, ita ta shawo kan mijinta ya bar maganar ginshiƙan Girka ya kira Sullivan.

Ladan waɗannan ayyuka bai fitar da shi daga talauci ba. A 1918 ya rasa ofishinsa da ke hasumiyar Auditorium, ginin da shi ya zana. Ya ƙare rayuwarsa a ɗakin wani otal mai araha, abokai suna tallafa masa. A waɗannan shekaru ya rubuta tarihin rayuwarsa mai suna The Autobiography of an Idea, da wani littafi a kan tsarin ado. Ya ga bugun farko nasu kwanaki kaɗan kafin rasuwarsa ranar 14 ga Afrilu, 1924, yana da shekara 67. An binne shi a maƙabartar Graceland ta Shikago. Sai a 1944 Cibiyar Masu Zanen Gine-gine ta Amurka ta ba shi lambar zinariyarta, shekara 20 bayan ya bar duniya.

Abin da ya faru da gine-ginen

Birnin da ya yi wa hidima bai tausaya wa aikinsa ba. A 1961 aka rushe gidan wasan Garrick domin a gina wurin ajiye motoci. A 1972 aka rushe ginin Kasuwar Hannun Jari ta Shikago, kuma a cikinsa mai ɗaukar hoto Richard Nickel ya rasa ransa yayin da yake ƙoƙarin ceto guntayen adon, wani sashe ya rufta masa. Mutuwarsa ta farkar da mutane da yawa game da kare gine-ginen tarihi. A 2006 kuma gobara ta ci wasu gine-gine uku na Adler da Sullivan a birnin cikin shekara ɗaya.

Bankunan takwas kuwa duk suna nan tsaye, ko da yake ba su tsira cikin sauƙi ba. Bayan 1920 farashin amfanin gona ya faɗi, dubban bankunan karkara suka durƙushe, kuma bankin iyalin Bennett ya bi sahu a 1926. Wani banki ya sayi ginin, gyaran da aka yi masa a 1940 ya ɓata wani sashe na adon ciki. A ƙarshen shekarun 1950 aka ɗauko mai zane Harwell Hamilton Harris ya faɗaɗa wurin aiki tare da kiyaye abin da ya rage. A 1976 gwamnatin tarayya ta sanya shi cikin wuraren tarihi na ƙasa, tare da na Grinnell da na Columbus, kuma a 1981 hotonsa ya fito a kan sarkin wasiƙa na Amurka.

Na Newark ya taɓa zama shagon mahauta, ya zama kantin kayan ado, ya zama wurin sayar da askirim, kafin a damƙa shi ga wata gidauniyar yankin a 2013 domin a maido da shi yadda yake. Na Algona ya yi shekaru yana kantin tufafi. Na Cedar Rapids ambaliyar 2008 ta shiga cikinsa, aka gyara shi ya koma gidan abinci. Na Grinnell ya yi aikin banki har zuwa 1999, sannan ya zama ofishin ƙungiyar 'yan kasuwa da masaukin masu ziyara.

Masu nazarin tarihin gine-gine suna danganta wannan bambanci da darajar fili da kuma shaƙuwa. A babban birni, filin da ke ƙarƙashin tsohon bene yakan fi benen tsada, sai mai shi ya ga riba a rushewa. A ƙaramin gari babu wannan matsi, kuma ginin yakan kasance mafi kyau a duk faɗin garin, wanda kakannin mutane suka buɗe asusu a cikinsa. Ko da banki ya mutu, akan samo wa ginin wani aiki, domin ginin da ake shiga kullum shi ake gyara wa rufi.

A Sidney da Columbus, cibiyoyin kuɗin da suka ɗauki Sullivan aiki sun haura shekara ɗari suna karɓar ajiya a zaurukan da ya zana musu. A Columbus har an ware wani sashe na saman bene inda aka ajiye zane-zanensa da hotunan lokacin ginin, domin baƙin da suka zo ganin wurin ba don cire kuɗi ba.