Tarihin A.G. Leventis, Baƙon da Ya Bar Suna

Jama'a, duk wanda ya taɓa hawa jirgin ƙasa daga nan Minna zuwa Kaduna sayayya, ya san shataletalen Leventis. To wane ne mai sunan?

An haifi Anastasios George Leventis a tsibirin Kubrus a 1902. Yana saurayi ya zo Afirka ta Yamma, yaron kamfanin wasu. A cikin shekarun 1930 ya kafa nasa a Gana, yana sayen amfanin gona yana sayar da yadi. Daga can ya shigo Nijeriya, kantunansa suka bazu daga Ikko har Kaduna da Kano. A 1951 aka kafa kamfaninsa mai ɗura Coca-Cola a kwalba.

Ya rasu a 1978. Kantunan sun ja baya, amma gidauniyar da aka kafa da dukiyarsa a 1979 ta buɗe makarantun noma a Dogon Dawa da Panda.

Mu ma fa baƙunta ce ta kawo kakanninmu ƙasar Gwari, da fatauci. In kantunanmu suka rufe gobe, me za mu bar wa masu masaukinmu?