Leonardo da Vinci: Mai Zanen da Ya Fara Koyon Ƙashi Kafin Ya Zana Mutum

A filinmu na Tarihin Shahararrun Mutane na wannan mako na kawo muku tarihin wani mai zane ɗan ƙasar Italiya, wanda ya mutu fiye da shekara 500 da suka wuce, amma har yau masu zane da likitoci suna duba ayyukansa.

Sunansa da Haihuwarsa

Wanda ya ji an ce Leonardo da Vinci zai iya zaton mutum biyu ne, kamar a ce Audu da Bala. A'a, mutum ɗaya ne. A harshen Italiya kalmar da tana nufin daga, Vinci kuma sunan garinsu ne. Ma'anar sunan ke nan Leonardo mutumin Vinci, kamar yadda mu ma muke haɗa sunan mutum da na garinsa.

An haife shi ranar 15 ga Afrilu, 1452, kusa da garin Vinci, wanda bai da nisa da birnin Fulorens. Mahaifinsa, Piero, aikinsa rubuta takardun yarjejeniya da na shari'a. Mahaifiyarsa, Caterina, 'yar talakawa ce. Leonardo bai yi makaranta mai zurfi ba. Yana da kimanin shekara 14 aka kai shi Fulorens koyon sana'a wurin wani gwanin zane da sassaƙa mai suna Andrea del Verrocchio. Wato sa'an da yawa daga cikinmu ne lokacin da ya fara. Bahago ne, kuma yana rubutu daga dama zuwa hagu da haruffa a juye, sai an kara madubi ake karantawa cikin sauƙi.

Wajen 1482 ya koma birnin Milan ya yi wa mai mulkin birnin, Ludovico Sforza, aiki. Daga baya, wajen 1503, ya fara zanen Mona Lisa, hoton matar nan mai ɗan murmushi da ke ajiye yanzu a gidan tarihi na Louvre a Faransa.

Abin da Ya Kai Shi ga Gawa

Leonardo ya gane cewa fata rufi ce kawai. Abin da ke ba jiki siffa shi ne ƙashi da tsokar da ke ƙarƙashinta. Wanda bai san su ba, idan ya zana mutum sai ya fito kamar buhun da aka cika da tsumma. Don haka ya shiga binciken jikin ɗan'adam. A 1489 ya zana ƙoƙon kai da aka yanka biyu don a ga cikinsa.

A lokacin sanyin 1507 zuwa 1508, a asibitin Santa Maria Nuova da ke Fulorens, ya zauna da wani tsoho da ya ce masa ya kai shekara 100. Ba a jima ba tsohon ya mutu. Leonardo ya feɗe gawar don ya san dalili, ya tarar da jijiyoyin jininsa sun yi kauri, hanyar jinin ta tsuke. A rayuwarsa ya feɗe gawa kimanin 30. Ku tuna a zamanin babu wutar lantarki, babu firiji. Gawa ba ta jira, dole ya yi sauri ya duba, ya zana, kafin ta lalace.

Aikinsa mafi kyau a wannan fanni ya yi shi ne a lokacin sanyin 1510 zuwa 1511, lokacin da ake ganin yana aiki tare da Marcantonio della Torre, malamin ilimin sassan jiki a jami'ar Pavia. A kan takarda 18 kacal ya yi zane fiye da 240 na ƙasusuwa da tsoka. Yakan zana ƙashi ɗaya ta gaba, ta baya, da ta gefe, don mai kallo ya ji kamar yana juya shi a hannunsa.

Abin da Ya Gano a Ƙashin Ƙugu

Masana na cewa shi ne ya fara zana ƙashin baya daidai da lanƙwasarsa, domin ƙashin bayanmu ba miƙaƙƙe ba ne kamar sanda. Ya kuma nuna cewa ƙashin ƙugu ba a zaune yake daram ba. Siffarsa kamar ƙwarya ce, amma ƙwaryar da aka ɗan karkata gaba, kamar za a tsiyaye ruwa. Sannan ya nuna cewa faffaɗan ƙashin da ke ƙarshen gadon baya, wanda ya shiga tsakanin ɓangarorin ƙugu biyu, ƙasusuwa 5 ne suka manne suka zama ɗaya.

Me ya sa ƙugu yake da muhimmanci ga mai zane? Domin shi ne mahaɗa. Nauyin kai da ƙirji yana saukowa ta ƙashin baya zuwa ƙugu, ƙugu kuma ya raba shi ga ƙafafu biyu. Idan ka kuskure ƙugu, mutumin da ka zana zai yi kamar zai faɗi, ko da ka gyara masa fuska da kyau.

Alamomin da Mai Zane Yake Nema

Tsoka ta rufe yawancin ƙashin ƙugu, amma akwai wuraren da yake kusa da fata. Masu zane suna amfani da su kamar yadda matafiyi yake amfani da alamar hanya. Kowa zai iya laluba su a jikinsa.

Na farko, bakin ƙwaryar. Ka riƙe ƙugu kamar wanda ya gaji da tsayuwa a taron safe. Ƙashin da hannunka ya zauna a kai shi ne gefen sama na ƙugu.

Na biyu, ka bi wannan baki da yatsa zuwa gaba, za ka ji ya ƙare da ɗan tudu, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Idan ka ja layi tsakanin tudun nan biyu a zanenka, nan take za ka ga ko ƙugun a daidaice yake ko a karkace.

Na uku, a ƙasan baya akwai 'yan ramuka biyu da ke fitowa a jikin wasu mutane. Su ne ƙarshen bakin ƙwaryar ta baya. Tsakaninsu da ƙasa kaɗan akwai siffa mai kusurwa uku, nan ne ƙasusuwan nan 5 da Leonardo ya ƙirga suke.

Na huɗu, ƙasusuwan zama. Duk wanda ya daɗe a kan bencin aji ya san su, don su ne suke fara ciwo.

Na biyar, tudun da ke gefen cinya daga sama, kusa da inda aljihun wando yake. Wannan ba na ƙugu ba ne, na ƙashin cinya ne, amma shi ke nuna wa mai zane inda ƙafa ta fara.

Ga abin da za ku gwada a darasin zane. Ka sa abokinka ya tsaya ya ɗora nauyinsa a ƙafar dama. Za ka ga ƙugunsa na dama ya ɗaga sama, na hagu ya sauka, kafaɗarsa ta dama kuma ta ɗan yi ƙasa. Ka fara jan layin ƙugu da layin kafaɗa kafin ka zana riga. Ko babbar riga mutum ya sa, yadda ya tsaya daga ƙugunsa yake fitowa.

Ƙarshen Rayuwarsa

Leonardo ya yi niyyar haɗa wannan bincike ya zama littafi. Amma a 1511 annoba ta kashe Marcantonio, yaƙi kuma ya dagula Milan, littafin bai fito ba. A 1516 Sarkin Faransa, Francis na Ɗaya, ya gayyace shi, ya ba shi gida kusa da fadarsa a garin Amboise. A can ya mutu ranar 2 ga Mayu, 1519, yana da shekara 67.

Takardunsa suka koma hannun almajirinsa, Francesco Melzi. Daga nan suka yi ta canza hannu har zanen sassan jikin ya isa taskar gidan sarautar Ingila, inda yake har yau a fadar Windsor. A 1543 wani likita mai suna Andreas Vesalius ya buga nasa babban littafi kan jikin mutum, kuma da shi likitoci suka yi ta koyo. Zanen Leonardo kuwa ba a buga shi sosai don kowa ya gani ba sai wajen 1900, kusan shekara 400 bayan ya yi shi. Kafin lokacin wasu sun sake gano yawancin abin da ya gano.

Darasi

Abu biyu na ɗauka daga tarihin nan. Na ɗaya, darasin kimiyya da darasin zane 'yan gida ɗaya ne, kada mu raina ɗaya mu riƙe ɗaya. Na biyu, ilimin da aka bari a akwati ba ya amfanar kowa. Wanda ya iya zane a cikinmu ya kawo wa ƙungiyar 'yan jarida aikinsa mu liƙa a wannan allo, kowa ya gani ya ƙaru.

Daga wakilinku na ƙaramar sakandare, aji 2.