Nikolai Vavilov: Masanin Da Ya Tara Wa Duniya Iri, Yunwa Ta Kashe Shi

Manomin Batsari ko Safana da ke ware kabewa mafi kyau domin irin baɗi yana bin wata hikima ce wadda wani masani ɗan ƙasar Rasha, Nikolai Vavilov, ya mayar da ita ilmi, har ya rasa ransa a kanta.

An haifi Vavilov a birnin Mosko ran 25 ga Nuwamba, 1887. Bayan ya gama makarantar koyon aikin gona ta birnin, sai ya tafi Ingila a 1913 ya ƙaro sani wurin William Bateson, ɗaya daga cikin magabatan ilmin gadon halitta. Tun yana matashi abin da ya dame shi shi ne dalilin da ya sa cuta kan cinye wata shuka, ta bar 'yar'uwarta a tsaye. A 1919 ya wallafa littafi a kan wannan batu.

Bincikensa ya nuna cewa kowace shuka tana da mahaifa, kuma can ne ake samun ire-irenta mafi yawa, har da danginta na daji waɗanda suka daɗe suna fama da cututtuka ba tare da taimakon ɗan Adam ba. Saboda haka ya shiga duniya. Ya je Iran a 1916, Afganistan a 1924, Habasha a 1927, Meziko a 1930. Kafin 1940 cibiyarsa ta Leningrad ta tara samfurin iri fiye da 200,000.

Kabewa ta isa misali. Asalinta nahiyar Amurka ne, kuma a Meziko akwai ta daji, ƙarama mai ɗaci wadda ba ta ciwuwa, amma tana jure cutar nan da ke rufe ganye da fari kamar an barbaɗa gari. Bayan mutuwar Vavilov, masana a Jami'ar Cornell ta Amurka suka yi barbarar ta dajin da ta gida. Abin da aka samu sai a sake haɗa shi da ta gida, shekara bayan shekara, ana zaɓe, har ɗaci ya kau, juriya ta zauna. Haka kuma a 1984 masana suka bayyana cewa wata kabewar gargajiya daga Nijeriya tana jure wata muguwar cuta mai sa ganye ya yi rawaya ya ƙanƙance, aka kuwa yi amfani da ita wajen gyara irin wasu ƙasashe.

Sai dai aikin nan yana bukatar haƙuri, gwamnatin Stalin kuwa sauri take nema. Wani mai suna Trofim Lysenko ya ƙaryata ilmin gadon halitta, ya yi alkawarin amfani mai yawa cikin ɗan lokaci, hukuma ta ba shi goyon baya. Vavilov ya ƙi janye ra'ayinsa. Aka kama shi a watan Agusta na 1940 yana tsakiyar tara iri a Yukren, aka yanke masa hukuncin kisa a 1941, daga baya aka mayar da shi ɗaurin shekara 20. Yunwa ta kashe shi a kurkukun Saratov ran 26 ga Janairu, 1943.

A lokacin nan sojojin Jamus sun yi wa Leningrad ƙawanya. Wasu daga cikin ma'aikatansa yunwa ta kashe su suna gadin shinkafa da gyaɗa, ba su taɓa irin da aka ba su amana ba. A 1955 hukuma ta wanke shi daga laifi, daga baya aka sa wa cibiyar sunansa.

Ga malaman gona da ɗalibanmu, darasin a fili yake. Irin da ke rumbunan ƙauye da tsirran dajin Rugu dukiya ce, kuma wanda ya ɓace ba ya dawowa.