Johan Cruyff: Daga filin besbol zuwa kujerar shugabanci

Duk ranar da Barcelona ke wasa, gidan kallon ƙwallo na unguwarmu cika yake maƙil, amma da na ambaci Johan Cruyff sai yara su yi ta kallona. Alhali ƙwallon da suke yi wa ihu shi ya aza harsashinta.

An haife shi a Amsterdam ta ƙasar Holan ranar 25 ga Afrilu, 1947. Mahaifinsa mai sayar da kayan lambu ne, ya mutu yaron yana ɗan shekara 12, uwarsa ta kama aikin shara a kulob ɗin Ajax. A nan Ajax ɗin ya yi wasan besbol, wanda ake dukan ƙaramar ƙwallo da kulki. Shi ne mai cafewa, wato wanda ke tsugunawa bayan mai duka. Shi kaɗai ke fuskantar fili gaba ɗaya, kuma dole ya san inda zai jefa ƙwallo tun kafin ta iso hannunsa. Yana kimanin shekara 15 ya bar besbol, amma wannan idon bai bar shi ba.

Ya ci Kofin Turai sau uku a jere da Ajax, 1971 zuwa 1973, ya kuma ɗauki Ballon d'Or sau uku.

Sai ga jarrabawa. Bayan ya yi ritaya a 1978, dukiyarsa ta narke a harkokin da bai san kansu ba, har da gonar kiwon aladu. Dole ta sa ya koma buga ƙwallo a Amurka. Ni da na tashi a gidan fataucin shanu, wannan bai ba ni mamaki ba. Kuɗi ba ya kiwon dabba, sai wanda ya san ta.

Ya miƙe kuwa. Ya horar da Barcelona daga 1988 zuwa 1996, ya ci La Liga huɗu a jere da Kofin Turai na farko a tarihinta a 1992. A 1999 ya kafa makaranta a Amsterdam, inda 'yan wasa ke koyon tafiyar da harkar wasanni da kasuwancinta, don kada su faɗa ramin da ya faɗa.

Ciwon dajin huhu ya yi ajalinsa a Barcelona ranar 24 ga Maris, 2016.

Ƙannena masu burin ƙwallo, ƙafa tana tsufa. Ku tanadi abin da za ku yi ranar da ta gaji.